Ƙofar da Aka Bari a Buɗe

Da a ce akwai wani ajin Turanci na manya da lokacinsa ya dace da tashina daga aiki, wallahi ko a bayan gari yake da ƙafa zan taka. Babu. Guda ɗaya ne tal, a saman wani shagon sayar da tayoyi, kuma Yayata ce malamar.

A sashen wanki na asibiti nake aiki. Tun ina budurwa nake cikin zafin wurin nan, ko ido a rufe ina bambanta zanin gadon ɗakin haihuwa da na ɗakin tiyata. Sai aka kawo sababbin injuna da jarkokin sinadari masu dogon bayani a jiki, duk da Turanci. Wata abokiyar aikinmu ta haɗa waɗanda bai kamata a haɗa ba, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, ita kanta sai da aka ba ta gado. Daga nan hukumar asibiti ta ce duk mai son ci gaba da taɓa injin sai ya kawo shaidar yana karanta Turanci yana ganewa. Shugabar sashenmu, wadda muke kira Agogo saboda ba ta magana sai ta duba tsintsiyar hannunta, ba ta yi mini ɓoye-ɓoye ba.

"Ina son aikinki," in ji ta, "amma a kan wannan ba zan iya rufa miki asiri ba. Ƙarshen zangon nan, ko takarda ko sallama."

Ina da yara a makaranta, maigidana kuma ciwon baya ya zaunar da shi. Aikin nan shi ne tukunyarmu. Na haɗiye abin da zan haɗiye na je na yi rajista.

Ni da Yaya ba ma ga maciji tun ranar da Baba ya fita. Baba ya tsufa, tunaninsa ya soma barinsa, sai ya dube ka ya tambaye ka ina mahaifiyarmu ta je, alhali ta daɗe a ƙasa. A gidan Yaya yake zaune, ni kuma ranar hutuna nake zuwa in yi masa wanka, in yanke masa farce. Ƙofar gidan ta ƙarfe ce, ta sauka ta gefe guda, makulli ba ya kamawa sai ka sa gwiwa ka ɗaga ta. In ba ka ɗaga ba za ka ji kamar ta kullu, amma turawa ɗaya ta buɗe. Ran nan na gama, na kwantar da shi, na fito, na sa gwiwa na ɗaga na juya makulli, har tsatsa ta ɓata mini zani. A bakin layi na yi kiciɓis da Yaya tana sauri, wai ta manta tabarau za ta ɗauko ta koma makaranta. Da yamma aka nemi Baba aka rasa. Washegari aka same shi kusa da tsohuwar tashar bas inda ya yi aiki da ƙuruciyarsa, babur ya kaɗe shi, ƙugunsa ya karye. Bai sake takawa ba.

Yaya ta gaya wa dangi cewa ita ko taɓa ƙofar ba ta yi ba. Wai tana isa ta laluba jaka ta ji tabaraun a ciki, sai ta juya. Ni na ce ta shiga. To, tsakanin malama mai tabarau da mai wankin zanin gado, kun san wadda dangi za su gaskata. Tun daga nan in zan ga Baba sai na daidaici lokacin da take aji. Yanzu ga ni a ajin, wato ko wannan ƙofar ma ta rufe.

Ranar farko na zauna can baya kusa da taga, inda warin roba ke tasowa daga ƙasa. Yaya ta shigo, ta gan ni, ko gira ba ta ɗaga ba.

"Ke ta baya," ta ce, "ba a cin cingam a ajina."

Ba cingam nake ci ba, haƙorana nake cizawa. Na ce, "To, Malama."

Mu ba mu da yawa. Akwai wani direban kamfani mai surutu kamar rediyo, da wani dattijo mai gadi da ke bin layi da ɗan yatsa yana motsa leɓe, da wata mai aiki a kantin magani da kowa ke kira Uwar Biyu, sai wasu 'yan tsiraru. Duk larura ɗaya ta kawo mu, kowa an ce masa ya kawo takarda.

Gaskiya ɗaya ce, ko ina jin haushinta ba zan hana ta abinta ba: Yaya ta iya koyarwa. Littattafan cibiyar da ke gudanar da ajin sun yage, rabinsu babu shafukan tsakiya, don haka ita take zama ta rubuta mana gajerun labarai da hannunta, ta kai a buga. Ta ce mutum ya fi saurin karanta abin da ya sani. Sai ta ɗauki aikin kowa ta mayar labari. A ƙarƙashin kowane labari akwai jimloli, kowace kuma za ka zaɓa mata ɗaya cikin uku: gaskiya, ko ƙarya, ko ba a faɗa ba. Na ukun nan shi ne ramin da kowa ke faɗawa.

Wata rana labarin wani direba ne da ya tsaya a gefen titi ya buɗe gaban motarsa. Jimlar ta ce motar ta lalace. Direbanmu ya yi tsalle ya ce gaskiya.

"Ina aka ce ta lalace?" in ji Yaya.

"Haba Malama! Mutum lafiyar motarsa ƙalau zai tsaya cikin rana ya buɗe mata baki? Ni sana'ata ce fa."

"Ban tambaye ka sana'arka ba. Ɗora yatsanka a kan layin."

Ya bi takardar sama da ƙasa yana gumi. Babu.

"Wataƙila ruwa zai ƙara, wataƙila kyanwa ce ta shige ciki," ta ce. "Abin da ka sani ka bar shi a ƙasa wajen mai taya. Nan takarda kawai muke tambaya."

Ni kuwa wannan ramin ban taɓa faɗa masa ba. Ko don na saba duba tabo a jikin farin zani ne, oho. Ina ganin abin da ke nan, ina ganin abin da babu. Har Uwar Biyu ta dawo kusa da ni da zama tana leƙen takardata. Yaya ba ta taɓa ce mini madalla ba. In ta zo kaina sai ta ja layin daidai da ƙarfi kamar mai yanka, ta wuce.

Da labaran direba da na mai gadi suka ƙare, sai ga sabo. Wani tsoho ne mai 'ya'ya mata biyu.

Na karanta layin farko, na karanta na biyu, kunnuwana suka ɗau zafi. Babbar tana tashi da sassafe ta dama wa tsohon abin karyawa, ta ƙirga masa ƙwayoyin magani. Ƙaramar tana zuwa sau ɗaya a mako, kullum a makare, kullum tana duban hanya. Ranar da ta yanke masa farce ta zarce har jini ya fito. An yi haka kuwa, sau ɗaya, kuma shi ne ya fizge hannu. Wannan ba ya cikin takarda.

Ajin ya ɗauka da zafi, ka rantse fim suke kallo.

"Kai, wannan ƙaramar ba ta da mutunci," in ji direba.

"Akwai su a kowane gida," Uwar Biyu ta ce, tana zungurina da gwiwar hannu. "Su zo da ledar lemo su yi ta washe baki, wahalar kuwa tana kan wata. Ko ba haka ba, 'yar uwa?"

Na ce haka ne.

Yaya tana tsaye a gaban allo tana goge tabarau da gefen mayafi. "Ke ta baya, karanta mana sakin layi na biyu da ƙarfi."

Na miƙe na karanta. Da bakina, da Turancin da ita ta koya mini, na shaida wa aji cewa ƙaramar tana zuwa a makare. Na yi tuntuɓe a wata kalma, ta gyara mini, ta ce in maimaita.

Mako na gaba wani ya biyo baya. Ƙaramar ta manta ba ta kawo sabulu ba. Na bayansa kuma ƙaramar ta yi ta waya tsohon yana kiranta. Mai gadi, wanda ba ya shiga sabgar kowa, har shi sai da ya girgiza kai ya ce Allah ya shirya mana zuri'a.

Ran nan na jira kowa ya sauka, na tare ta a kan matakala. Wurin ƙunci ne, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace.

"Yaya, ki daina sa ni a takarda."

"Nan Malama nake."

"To Malama, ki daina sa ni a takarda."

"Kin ga sunanki a ciki?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Ni labari na rubuta. In kin tsinci kanki a ciki, wannan tsakaninki da zuciyarki ne." Ta gyara riƙon jakarta. "Ba ni hanya, akwai wanda zan je in juya a kan gado kafin bayansa ya yi gyambo. Ke ai ba ki san wannan aikin ba."

"Wa ya hana ni sani?"

"Wa ya kwantar da shi?"

Da ba don aikina yana hannunta ba, da ranar mai taya ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na karkace ta wuce, kafaɗarta ta goge tawa. Na tsane ta a lokacin, tsana ta gaske, irin wadda ake ji har a cikin haƙori.

Maigidana ya ce in kai ƙara wurin shugaban cibiyar. In ce masa me? Malama ta rubuta labarin tsoho, ni kuma na ji haushi? Na ce a'a, zan ci jarrabawar nan a gaban idonta, in karɓi takardata, in ta sake ganin ƙeyata a saman shagon nan ta canza mini suna. Na duƙufa. A wurin aiki, in injin yana juyawa, sai in tsuguna gaban jarkoki ina karanta jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Na gane wanda ba a haɗawa da ruwan zafi, na gane wanda in ya taɓa ido sai a yi ta wankewa. Agogo ta same ni a haka wata rana, ta duba hannunta, ta ce lokaci dai yana tafiya.

Ranar jarrabawa shugaban cibiyar da kansa ya zo ya zauna a bakin ƙofa, wani siririn mutum mai tari. Aka raba kujeru, aka nesanta Uwar Biyu da ni, ta bi ni da ido kamar an raba ta da uwa. Yaya ta bi layi tana ajiye wa kowa takarda a kife. Da ta zo kaina ba ta dube ni ba.

Labarin farko bayanin kwalbar magani ne, na biyu sanarwar canjin hanyar bas. Na leƙa na uku don in san abin da ke jirana.

Tsohon ne. Turancin mai sauƙi, gajerun jimloli, ba inda zan ce ban gane ba. Ƙaramar ta zo ta yi masa wanka. Tana sauri, kamar kullum. Ta fita. Babbar ta dawo layin saboda tabarau. Da yamma ƙofa tana buɗe, gado babu kowa. A ƙarƙashi, cikin jimlolin da za a zaɓa wa amsa, ga ta nan a zaune: ƙaramar ce ta bar ƙofar a buɗe. Gaskiya, ƙarya, ba a faɗa ba.

Na ɗaga kai. Yaya tana kallon taga.

Wato nan aka nufa tun farko. Duk makonnin nan na farce da sabulu share fage ne. Abin da ta kasa sa ni in faɗa a gaban dangi, shi take so in ba ta da hannuna, a takarda, a gaban shugaba, in ba haka ba in rasa abincin 'ya'yana. Ban sake komawa kan labarin ba. Me zan karanta? Na san shi, na san mai shi, tun ina goye a bayanta na san yadda take tsara magana. Na ɗora biro a kan ƙarya, na ɗage. Na ga tsatsar nan a jikin zanina kamar yanzu. Na ga kuma maigidana yana dafa bango kafin ya miƙe, da ƙaramin ɗana da takalminsa ya buɗe baki. Na zauna a haka ban san iya lokacin da na ci ba, mai gadi yana ta motsa leɓe a gefena, shugaba yana ta tari.

Sai na ce a raina, ki ci, Yaya. Na zaɓi gaskiya. Na danna biron har ya huda takardar.

Da na koma kan kwalbar magani da bas, kalmomin da na sani sarai suka riƙa yi mini gizo. Ina tsakiyar na biyu shugaba ya ce a ajiye biro.

Bayan mako guda aka tara mu. Shugaba ya riƙa kiran mutane yana miƙa musu shaida. Direba ya karɓa ya ɗaga sama kamar ya ci kofi. Uwar Biyu ta ci, da kyar, ta rangaɗa guɗa har mai taya ya leƙo. Mai gadi ya karɓi tasa da hannu biyu. Ni aka ce in yi haƙuri, maki ɗaya ya rage mini, in sake gwadawa zango mai zuwa. Zango mai zuwa! Kafin nan wata ma'aikaciyar ce a gaban injina.

Na bari ajin ya watse. Yaya tana tattara takardu a kan tebur. Na je na tsaya a kanta.

"Na ba ki abin da kike so. Me kuma ya rage?"

Ba ta ce nan Malama take ba. Ta zaro takardata daga cikin tarin, ta shimfiɗa, ta juyo mini da ita. A gefen hudar da na yi akwai jan gicciye.

"Amsar ba a faɗa ba ce," ta ce. "Kowa ya samu. Har direba."

Na sunkuya na karanta, a karo na farko na karanta da gaske, ina bin layi da yatsa irin na mai gadi. Ta yi masa wanka. Tana sauri. Ta fita. Babbar ta dawo layin. Ƙofa tana buɗe. Na koma sama na sake sauka. Babu inda aka ce ƙaramar ta bar ta. Babu ma inda aka ce babbar ba ta shiga ba. Tambayar da ta fi kowace sauƙi a wurina ce, da labarin wasu ne da ko numfashi ba zan ja ba kafin in amsa.

"Tarko kika ɗana mini," na ce.

"Na zauna zan rubuta cewa ita ce," in ji Yaya. Muryarta ta yi ƙasa, ba irin ta aji ba. "Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Hannuna ya ƙi. Sai na bar shi haka." Ta cire tabarau ta riƙe. "Auta," ta ce, sunan da ake kirana da shi a gida, "ashe da gaske ke ce?"

"Ba ni ba ce! Ƙarya na yi don ki ba ni makin."

"Ke? Ke da tun da kika shigo ajin nan ba ki taɓa faɗuwa a irin wannan ba?"

"Yaya, wallahi na ɗaga ƙofar nan. Na kulle ta."

Ba ta ji na. Idonta yana kan hudar biron. Sai na ga kafaɗunta sun sauka a hankali, kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka. Ta ja numfashi mai tsawo ta saki, leɓunanta suka motsa da godiya ga Allah. A nan na gane abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Duk tsawon lokacin nan ita ma ba ta da tabbas. Tana juya Baba a kan gado tana tambayar kanta ko ta shiga ran nan, ko hannunta ne na ƙarshe a kan ƙofar. Ni ce na raba ta da wannan tambayar, kyauta, na haɗa mata da aikina.

"Ki gyara makin," na ce. "Kin san na iya. Kin fi kowa sani."

"Shugaba ya riga ya sa hannu." Ta ninke takardar gida biyu da kulawa, ta buɗe jakarta ta sa a aljihun ciki, ta ja zif.

"Ba ni takardata."

"Ta cibiya ce."

Na miƙa hannu, ta riƙe shi. Na ɗauka ture ni za ta yi, sai na ji ta damƙe shi da hannu biyu, tafinta da ɗumi. Idonta ya ciko, fuskarta ta yi wani haske da rabon da in gan shi tun Baba yana tafiya da ƙafarsa.

"Shi ke nan, Auta, ya wuce," ta ce. "Kowa yana kuskure. Ki zo ki ga Baba duk lokacin da kika ga dama. Na yafe miki."